Matuƙin jirgin yaƙin da ya san lokacin cewa a'a

Mazauna Sakkwato sun saba da rugugin jiragen soja da ke ratsa sararin samaniyarsu suna nufar dazuzzukan da 'yan bindiga suka yi wa kaka-gida. A cikin birni yara kan fito da gudu su ɗaga kai suna murna. A ƙauye kuwa sautin yana ɗauke da fassara biyu, ko dai agaji ne ya iso, ko kuma ajali ne ya sauka bisa kuskure. Wannan ne ya sa a makon nan na ga dacewar mu waiwayi rayuwar wani tsohon matuƙin jirgin yaƙi, marigayi Guruf Kyaftin Usman Jibrin, domin akwai darasi a cikinta ga masu tuƙa waɗannan jirage da kuma masu ba su umarni.

An haifi Usman Jibrin a shekarar 1942 a ƙasar Nasarawa, ya kuma shiga aikin sojan sama a 1963, tun kafin a zartar da dokar kafa rundunar a 1964. A wancan lokaci Jamusawa ne ke renon jaririyar rundunar, har ma shugabanta na farko, Kanal Gerhard Kahtz, Bajamushe ne. Tun da babu wurin koyon tuƙin jirgin yaƙi a gida, sai aka riƙa tura samari ƙasashen waje. Wasu suka tafi Habasha, shi kuwa ya fara da Kanada, daga baya ya ƙaro horo a Jamus da Tarayyar Sobiyet.

Ba su gama zama da gindinsu ba sai yaƙin basasa ya ɓarke a watan Yulin 1967. Ingila da Amurka suka ƙi sayar wa gwamnatin Gowon jiragen yaƙi, saboda haka ta juya ga Sobiyet da Cekoslobakiya, aka kawo mata MiG-17 da L-29. Da farko Misirawa da sojojin haya ne suka fi tuƙa su, kafin samarin gida, sa'o'in Usman Jibrin, su karɓi aikin sannu a hankali. Jirgin MiG-17 yana iya gudun da ya haura kilomita 1,000 a awa guda, wato kusan mita 300 a kowace daƙiƙa. Babu makami mai linzami da zai nemo wa matuƙi abin hari, idonsa ne kaɗai alƙali. Tarihin yaƙin ya adana ƙorafe-ƙorafen jefa bama-bamai a kasuwanni da asibitoci, ya kuma adana ranar 5 ga Yunin 1969 da aka harbo jirgin agaji na Red Cross. Ban kawo wannan don in ɗora wa wani mutum laifi ba. Na kawo shi ne don mai karatu ya gane cewa mutanen wancan zamani sun ga abin da kuskuren daƙiƙa ɗaya ke jawowa.

Bayan juyin mulkin Yulin 1975, Janar Murtala Muhammad ya naɗa shi Gwamnan Jihar Arewa ta Tsakiya yana ɗan shekara 33. Wannan jiha ce aka sauya wa suna zuwa Kaduna a 1976, lokacin tana haɗe da Katsina. Shekara biyu kacal ya yi a kan kujerar. Saɓani ya shiga tsakaninsa da gwamnatin Janar Obasanjo kan shirin karɓe gidan Rediyon Kaduna daga hannun jihohin Arewa, sai ya bar muƙamin a 1977, bai daɗe ba kuma ya tuɓe kaki. Ana iya samun masu ganin gwamnatin tarayya ce ke da gaskiya a wannan takaddama. Abin da ba a jayayya a kansa shi ne, hafsa mai shekara 35, a ƙarƙashin mulkin soja, ya zaɓi barin gidan gwamnati a kan ya sa hannu cikin abin da zuciyarsa ba ta natsu da shi ba. Bai ɗauki bindiga ya yi tawaye ba, ya bi ta ƙofar da doka ta buɗe masa ya fita. Daga baya ya shugabanci hukumar bankin manoma na tarayya, ya kuma riƙe muƙamin ma'ajin Majalisar Ƙoli ta Harkokin Addinin Musulunci, wadda Mai Alfarma Sarkin Musulmi ke shugabanta. Allah Ya yi masa rasuwa a watan Satumban 2011.

Wannan hali na iya tsayawa a ce a'a shi ne abin da muka fi bukata a sararin samaniyarmu a yau. A ranar 17 ga Janairun 2017 jirgin sojan sama ya jefa bam a sansanin 'yan gudun hijira na Rann, aka rasa fiye da mutum 100. A Disambar 2023 jirgin sojan ƙasa marar matuƙi ya afka wa masu Maulidi a Tudun Biri. A nan gida kuma, ranar 25 ga Disambar 2024, harin da aka kai wa Lakurawa a ƙaramar hukumar Silame ya ci rayukan aƙalla mutum 10 a Gidan Sama da Rumtuwa, ko da yake hedikwatar tsaro ta ce fashewar makaman 'yan bindigar ce ta kashe su.

Ƙa'idar ba sabuwa ba ce. Sashe na 57 na ƙarin yarjejeniyar Janeba na 1977 ya wajabta soke hari ko dakatar da shi da zarar ta bayyana cewa abin da aka nufa ba na yaƙi ba ne. Tun kafin wannan da ƙarni goma sha uku, Sayyidina Abubakar ya hori rundunarsa da kada ta taɓa mata da yara da tsofaffi. Matsalar ita ce, matuƙin da ya dawo sansani da bam ɗinsa saboda bai tabbatar da abin da ya gani ba yana bukatar shugaban da zai yaba masa maimakon ya kira shi matsoraci.

Adalci ne mu faɗi cewa matuƙan nan suna sayar da rayukansu dominmu. A Yulin 2021 'yan bindiga suka harbo jirgin Alpha Jet a kan iyakar Zamfara da Kaduna, matuƙinsa Abayomi Dairo ya yi tsalle da laima, ya sha da ƙyar. Ba su cancanci a tura su da bayanan da ba a tantance ba. Hakimai da dagatai sun san inda kasuwa ke ci da inda ake taron biki ko Maulidi, ya kamata a samar da amintacciyar hanyar jin ta bakinsu ba tare da an jefa su cikin haɗari ba. Duk binciken da aka yi bayan kuskure kuma a fito da sakamakonsa fili, a biya diyya a kan lokaci.

Ga ɗalibanmu masu sha'awar shiga Kwalejin Horar da Hafsoshin Soja ta Kaduna kuwa, ina ƙarfafa musu gwiwa. Rundunar tana bukatar 'ya'yan da suka san bambancin rugar makiyayi da maɓoyar ɓarawo. Idan suka samu shiga, su karanta tarihin Usman Jibrin tare da darussan tuƙi. Allah Ya jiƙansa, Ya jiƙan waɗanda suka rasu a Silame, Ya kawo mana ƙarshen wannan fitina.