Makarantar Karate da Fagen Dambe: Shawara ga Malamai da Fatake

Ya ku malamai da alarammomi, da fatake da 'yan kasuwa na ƙasar Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi, ina da wata magana wadda na san wasu za su ce ba ta dace da bakin mai allo ba. A yi mini haƙuri a ji ta har ƙarshe, sa'an nan a yanke hukunci.

Bara na tafi Kano neman maganin ido, na sauka wurin wani tsohon almajirina wanda ya sauke Alƙur'ani a hannuna, yanzu kuwa ɗinki ya ke yi. Da la'asar ta yi sanyi sai ya ce, "Allah ya gafarta Malam, zan tafi makaranta." Na ce wace makaranta kuma? Ya ce ta karate. Na bi shi, alhali na riga na shirya faɗan da zan yi masa a hanyar dawowa.

Ga abin da idona ya gani, ko da ya ke ciwo ya ke yi. Kowane yaro ya tuɓe takalminsa a bakin ƙofa. Kafin a fara kome, su da kansu suka share wurin, babba da ƙarami. Suka jeru sahu sahu cikin fararen tufafi, kowa da ɗamara a ƙugu, kuma launin ɗamarar shi ke nuna inda karatunsa ya kai: fara ga sabon shiga, baƙa ga wanda ya yi shekaru yana sha wuya. Malaminsu ya ba da motsi ɗaya tak, suka yi ta maimaita shi har gumi ya jiƙa rigunansu, ba mai magana, ba mai dariya. Wanda ya fi sani yana zagayawa yana gyara wa na ƙasa da shi tsayuwar ƙafa. Da aka haɗa biyu su gwada juna, ɗaya ya husata ya kai bugu da ƙarfi, nan take aka fid da shi aka zaunad da shi gefe, ga shi kuwa shi ne mafi ƙarfi a cikinsu. Da aka kira magariba suka tsaya. Kafin su watse malamin ya tambayi labarin wani da bai zo ba, aka ce mahaifiyarsa ce ba lafiya, sai aka haɗa abin da ya sawwaƙa aka naɗa mutum biyu su kai. Faɗan da na shirya ban yi shi ba.

Asalin wannan wasa daga wani tsibiri ne na ƙasar Japan da a ke kira Okinawa, ma'anar sunan kuwa hannu ba makami. Wani malamin makaranta mai suna Gichin Funakoshi shi ya kai shi birnin Tokyo cikin 1922, daga nan ya bazu duniya, har aka sa shi cikin wasannin Olamfik da aka yi a Tokyo cikin 2021. Amma ni ban ga baƙon abu a wurin nan ba. Na ga tsangaya. Mu ma muna da kolo da titibiri da gardi, har a kai ga alaramma da gwani, kuma ba a tsallake mataki. Mu ma yaro yana maimaita aya guda har ta zauna kafin a ba shi izni ya wanke allo. Mu ma gardi ke biya wa kolo. Abu ɗaya na ƙi, watau sunkuyawar da su ke yi wa juna kamar mai ruku'u, na kuwa gaya wa yaron nawa cewa sallama da musafaha sun ishe su. Ya yi murmushi, don ya san shi ma a durƙushe ya ke gaishe ni, amma ladabi ya hana shi amsawa.

To, mu koma gida. Muna da namu wasan ƙarfi tun kaka da kakanni, dambe da kokawa. Dambe asalinsa na mahauta ne, su kan fita bayan an kai amfanin gona gida, suna bin garuruwa da makaɗan kalangu. A naɗe hannu ɗaya da zare, ɗayan ya zama garkuwa, a yi turmi uku, wanda ya kai ƙasa an kashe shi. Kowa a ƙasar nan ya ji sunan Shago da Ɗandunawa ta bakin Ɗan'anace. Kuma dambe yana da tsarinsa na ubangida da yaro, har yau ɗan dambe ya kan ɗauki sunan wanda ya koya masa, a ce shagon wane. Wannan silsila ce, kuma mu malamai mun san darajar silsila.

Sai dai a faɗi gaskiya, fagen dambe na yau ya cika da abin da shari'a ba ta yarda da shi ba. Akwai layu da guraye waɗanda ba a san abin da ke cikinsu ba, wasunsu kuwa, abin kunya, daga hannun masu kiran kansu malamai suka fito. Akwai caca a gefen fage. Akwai tabar wiwi da ƙwayoyi, yaro ya sha don kada ya ji zafin bugu. Lokacin salla ya zo ya wuce kalangu bai yi shiru ba. Babbar mas'ala kuwa ita ce dukan fuska, domin hadisi ya inganta cikin Buhari da Muslim a kan hana shi, kuma bisa wannan ne majalisar malaman fiƙihu ta Rabiɗa da ta zauna a Makka cikin 1987 ta haramta damben zamani. Ban ga yadda za a fid da namu daga wannan hukunci ba muddin fuska a ke nema.

Kokawa ita ba ta da wannan aibi. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi kokawa da Rukanatu ya ka da shi. Masu sira kuma sun kawo yadda Samuratu ɗan Jundubi ya kama Rafi'u ɗan Hadiji gabanin Uhudu, suna yara. 'Yan'uwanmu na Nijar sun gane wannan tun 1975, da suka fara gasar takobi a Tawa. Fataken da ke zuwa Maraɗi sun san yadda kasuwa ke tsayawa cak idan ana kokawar nan.

Me ya sa na ɗauko zancen yanzu? Domin samarinmu sun rasa wurin zuwa. Gonakin da ke nesa da gari sun gagara nomawa saboda 'yan bindiga. Cikin 2021 har kasuwannin mako aka rufe, aka yanke layukan waya, kasuwar Shinkafi ta ran Alhamis, wadda ke ciyad da dubban gidaje, ta yi tsit. An buɗe daga baya, amma yaron da ya saba da zaman banza bai koma yadda ya ke ba. Ƙarfi yana cikin jikinsa, ba shi da ubangidan da zai tambaye shi ina ka kwana. Irin wannan shi a ke saya da kuɗi kaɗan ya zama mai kai rahoto daji, ko ya ɗauki makami da sunan sa-kai ya kashe wanda bai ji ba bai gani ba.

Na san za a ce, a ƙasar da jini ke zuba, koya wa yara faɗa ƙara wa wuta itace ne. Amsata ita ce, ɗan bindiga bai bukaci shekara biyar yana gyara tsayuwar ƙafa ba, kwana kaɗan sun ishe shi ya koyi harbi. Wanda ya jure wa horo a ƙarƙashin malami, aka zaunad da shi gefe saboda fushi har ya koyi haɗiye shi, shi ne mafi wuyar saye.

Shawarata ga malamai, kowace babbar tsangaya ta keɓe fili ran Alhamis da yamma, tun da ba karatu, a nemo tsohon ɗan kokawa mai mutunci ko wanda ya iya karate ya riƙe shi. A sa sharaɗi: ba laya, ba caca, ba ƙwaya, ba dukan fuska, a rufe al'aura, kuma wanda bai kawo haddarsa ta mako ba ba ya shiga. Ku kuma alhazai fatake, abin da a ke bukata gare ku bai kai kuɗin buhun gero biyu a wata ba, na tufafi da ladan mai koyarwa. A nemi yardar hakimai da Sarkin Pawa na kowane gari, don kada a ce an ƙwace wa mahauta gadonsu.

Ni dai na fara a zaurena da gardawa takwas, almajirin nan nawa kuwa ya yi alkawarin zuwa bayan babbar salla ya duba su. Haza wassalam.