Titin Wuju-Wuju: A Tuna da Masu Tafiya a Ƙasa



Duk ɗan Jakara ya san aikin titin Wuju-Wuju. An fara shi a zangon mulki na biyu na Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso, tsakanin 2011 da 2015, domin a rufe kwarin Jakara, ruwa ya bi ta ƙasa, motoci su bi ta sama. Daga baya aikin ya tsaya shekara da shekaru. Kusan sa'ana ne!

Ina goyon bayan a kammala shi, domin wari da sauro da ambaliyar damina sun ishe mu. Amma a ganina, kada a tsara titin don masu mota kawai. Yawancinmu a ƙasa muke zuwa boko da Islamiyya. Tsofaffi da 'yan dako ma a ƙasa suke shiga Kasuwar Kurmi. Titi mai santsi yana sa masu babur da adaidaita sahu gudu. To, ta ina ƙanena ɗan aji ɗaya zai tsallaka?

Saboda haka ina roƙon gwamnati da kansilolinmu su zauna da masu unguwanni da iyayenmu kafin a gama. A yi wurin tsallakawa, da tudun rage gudu, da fitilu, da wurin zuba shara. A kuma haɗa kwatocin lungunanmu da babbar magudana.

Mu ma mu daina jefa leda a kwata. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Daga ɗalibar aji biyu.