Mota Ta Iso, Takarda Ta Tsaya A Amurka

Jama'a, kun san motocin nan masu kwando da ke ɗaga ma'aikacin lantarki zuwa kan turke. Abin da ke riƙe da shi can sama mai ne da aka matse cikin tiyo, watau haidirolik, da wani ɗan bawul da ke tare man idan tiyo ya fashe. In bawul ya ƙi, hannun motar ya sauko da mutum, sai dai a kira 'yan'uwansa.

A Amurka, inda ake ƙera da yawa daga cikinsu, talakawa sun yi ta kuka har aka kafa doka a 1966, zamanin Shugaba Johnson, cewa kamfanin da ya gane aibi a motarsa dole ya sanar da masu ita. A 1974 aka ƙara cewa ya gyara kyauta. Kada ku ce tausayi ne ya kama kamfanoni. Tilas aka yi musu.

To, ga inda gizo ke saƙa. Takardar gargaɗin tana zuwa ga wanda sunansa ke cikin rajistar can. Motar kuwa an yi gwanjonta, ta hau jirgin ruwa, ta sauka Ikko, an shafa mata fenti, ɗan kwangila ya saya. Sa'an nan gyaran kyautan ma yana da wa'adi, shekara 15 daga ranar da aka fara sayar da motar. Wa zai gaya wa bakanike a Kano ko Katsina cewa bawul ɗin da ke gabansa an riga an yi shelar aibinsa?

Tun 2013 aka miƙa rarraba lantarki ga 'yan kasuwa, aka ce za mu ga gyara. Kuɗin wuta kam mun gani. Shin mahukunta sun taɓa ƙirga motocin da ake ɗora 'ya'yanmu a kai? Ɗan sarki ba ya hawa kwando, ɗan mai tumatir ne ke hawa, kuma in ya faɗo a tsakiyar kasuwa, kan rumfarku zai faɗo.

Kowace mota tana da lambar shasi mai harufa da lambobi 17, kuma hukumar Amurka tana nuna wa kowa, ba ko kwabo, in akwai kiran gyara a kanta. Muna neman kwastan su duba wannan kafin mota ta bar tashar jirgin ruwa, kuma kada a ba ɗan kwangila aiki sai ya nuna shaidar gyara. Sakatarorin rassa, ku kawo maganar nan a taronku na wannan mako.