Mai Harbi Daga Jirgi Ba Ya Son Alade Ya Ƙare

 Na san da yawanmu mun ci karo da bidiyon nan da ke yawo: Turawa a jihar Texas ta Amurka, cikin jirgi mai saukar ungulu, suna bin garken aladun daji suna yi musu ruwan harsashi. Masu kallo a cikinmu kashi biyu ne. Wasu da sun ji an ce alade sai su yi a'uzubillahi su wuce. Wasu kuma sai yabo, wai ka ga yadda Bature ke magance matsala cikin minti goma. Da kashi na biyu nake rigima yau, amma na farko ma ba su tsira ba. Ba cin naman aka ce mu yi ba. Marubucin da ba zai iya tsayawa ya kalli abin da yake ƙyama ya fahimce shi ba, rabin duniya ya rufe wa kansa.

Matsalar dai gaskiya ce, ba na musun wannan. Amurka ba ta da alade tun asali. Masu jiragen ruwa na Sifen ne suka shigo da su, kamar Hernando de Soto da ya sauka Fulorida a 1539, wasu suka tsere suka zama na daji. A yau ma'aikatar noma ta ƙasar na ƙiyasta sun kai miliyan 6, kuma Texas ce ta fi ko'ina yawansu. Garke guda kan shiga gonar masara ko gyaɗa da dare, ya bi kunya kunya yana tone irin da aka shuka. Gari na wayewa manomi ya tarar da gona kamar an yi mata huɗa a haukace. Mace kan ɗauki ciki kwana 114, ta zubo 'ya'ya biyar ko shida, kuma tun ba ta shekara ba ta isa haihuwa. Shi ya sa masana suka ce sai an kashe wajen kashi biyu cikin uku na yawansu duk shekara kafin ma adadin ya tsaya wuri guda.

To ga tambayar da mai bidiyon ba zai yi maka ba. Dabbar da ta yi shekara ɗari huɗu tana zaune a kudancin ƙasar, a 1982 ba ta cika jihohi 20 ba, yaya aka yi cikin shekara talatin ta bazu sama da jihohi 30? Alade ba shi da fiffike. A bayan mota aka kai shi, kuma masu sha'awar farautarsa ne suka kai shi.

Ku dubi jihar Tenesi. A 1999 hukumar kula da namun daji ta jihar ta buɗe farautar aladun daji duk shekara, ba iyaka, kowa ya kashe iya ƙarfinsa. Tunaninsu shi ne tunanin masu yabon bidiyo: a saki maharba, magana ta ƙare. Sai aka yi ana maganin ƙaba kai na kumbura. Wanda ba shi da alade a yankinsa ya je ya kamo, ya saka a dajin kusa da gidansa don shi ma ya samu abin harbi. Daga gundumomi kamar 15, aladun suka kai kusan 80 cikin 95 da jihar ke da su. A 2011 hukumar ta janye, ta cire su daga jerin namun farauta. Jihar Misuri kuma a 2016 ta haramta farautarsu a filayen hukumarta ta kare daji, ta ce in ka gani ka kai rahoto, kada ka harba.

Wanda ya fi ba ni dariya shi ne na wani sansanin soja a jihar Jojiya, mai suna Fort Benning. A 2007 aka sa tukwici ga duk wanda ya kawo wutsiyar alade. Wutsiyoyi suka yi ta shigowa, amma da masu bincike suka ƙirga, aladun ƙaruwa suka yi. Maharba na zuba musu abinci don su jawo su, dabbobin suka ƙoshi suka ƙara haihuwa. Wasu ma a wurin masu gyaran nama suke samo wutsiyar.

Dalilin a fili yake. Alade dabba ce mai wayo. Ka harbi biyu cikin garke na ashirin, sha takwas ɗin sun watse, sun koyi darasi, sun koma fita da dare kaɗai, sun daina kusantar tarko. Abin da ke aiki ba shi da daɗin kallo: a yi kwanaki ana zuba hatsi a cikin wani babban shinge na ƙarfe, ana kallo ta kyamara, sai duk garken ya shiga, uwa da 'ya'ya, sannan a saki ƙofa. Maharbi ɗaya ya bi ta wurin da karnukansa ya rusa aikin sati biyu. Zan yi adalci: harbi daga sama, in ƙwararru ne suka yi shi a fili marar duhuwa, yana rage su sosai. Amma tun da Texas ta yi doka a 2011 da ta halatta sayar wa masu neman nishaɗi kujera a jirgin, abin ya zama kasuwa. Mai kasuwa kuwa ba ya addu'ar hajarsa ta ƙare. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi: manomi na kuka, mai jirgi da mai ba da hayar daji na lissafin riba.

Sai kuma hujjarsu ta biyu, wai ai nama ne ake samu, ana ciyar da iyali. A nan ne nake so mai son rubutu ya buɗe ido, don a wurin fiɗa ake gane wanda ya san abin da yake faɗa. Aladen daji na ɗauke da cutar burusela, 'yar uwar wadda makiyayanmu ke kira bakkale, mai sa shanu ɓari. Ba sai ka ci naman za ta kama ka ba. Jini ko ruwan kayan ciki ya taɓa ƙaramin yanka a yatsa, ko ya fantsama a ido, shi ke nan. Bayan makonni sai zazzaɓi mai tafiya yana dawowa, da gumin dare, da ciwon gaɓoɓi, mutum ya manta ma ya taɓa feɗe wata dabba. Shi ya sa hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ke cewa a sa safar hannu ta roba da tabarau, kada a ci ko a sha a wurin fiɗa, a binne ko a ƙone kayan ciki. Akwai kuma wata tsutsa da ido ba ya gani da ke kwanciya cikin tsoka, wadda sanyin firiza ba lallai ya kashe ta ba a naman daji. Sai zafin tsakiyar naman ya kai digiri 71. Karnukan farauta ma ba su tsira ba, akwai cutar da suke ɗauka daga cizon alade ko cin ɗanyen namansa, wadda ke kashe kare cikin 'yan kwanaki. Ga kuma zafin Texas: in ba a fitar da kayan ciki an sa naman cikin ƙanƙara da wuri ba, ya lalace. Manyan mazan kuwa, waɗanda ake ɗaukar hoto da haurensu, namansu ƙarni yake yi, maharban da kansu sun fi son na mata da ƙanana.

Wanda ya bi duk waɗannan ya cika firizarsa, wannan tsakaninsa da cikinsa. Amma kada a ce mini da shi ake ciyar da al'umma. Dokar Amurka ba ta yarda a sayar da naman alade ba sai jami'i ya duba dabbar tana raye kafin yanka. Wanda aka harbe a daji ya fita daga wannan layi. Naman da ke isa kasuwa, har ake kai wa Turai, na waɗanda aka kama da tarko ne aka kai mahauta da ransu. Waɗanda kuka ga suna faɗuwa ƙarƙashin jirgi kuwa, galibi a nan ake barinsu, ungulu da karnukan daji su yi walima. Kafin a kai nan, mai bidiyon ya riga ya yanke, ya sa kiɗa.