Ba Dole Ne Sai An Tuƙa Tuwo Kowane Dare Ba

Malam Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi magana da 'yan'uwana mata da ke riƙe da gida su kaɗai kuma suna fita aiki, wato waɗanda Allah ya yi wa mazajensu rasuwa, da waɗanda aure ya mutu aka bar musu 'ya'ya, har ma da maza 'yan ƙalilan da ƙaddara ta bar su da yara babu uwa a gida. Maganar kuwa ta abincin dare ce a ranakun aiki, daga Litinin zuwa Juma'a. Na san wani zai ce wannan ai zancen madafa ne, me ya kawo shi jarida? To, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A gidaje da yawa wannan abincin daren shi ne ke cinye albashi, ya cinye lafiyar uwa, ya kuma sa yara su kwana da yunwa alhali akwai hatsi a gidan.

Bari mu yi lissafin lokaci tukuna. Malamar makaranta ko ma'aikaciyar jinya ko sakatariya ko mai shago a kasuwa, ba ta barin wurin aiki sai bayan La'asar. Ta tsaya jiran adaidaita sahu, ta sha cunkoso a hanya, ta biya ta kwaso yara daga Islamiyya, kafin ta ajiye jaka an kira Magariba. Abin da ya rage mata tsakanin Magariba da lokacin da ƙaramin cikinsu zai fara gyangyaɗi bai fi awa ɗaya da 'yan mintoci ba. A cikin wannan ɗan lokaci ake so ta hura wuta, ta ɗora ruwan tuwo, ta yi talge, ta jira ya nuna, ta tuƙa, ta bar shi ya sulala, ta kwashe, ga kuma miya can tana jira. Haba jama'a! Wannan tsari na tuwo kowane dare an gada shi ne daga babban gida, inda ake da mata biyu ko uku suna karɓa-karɓar girki, ga 'yan mata masu surfe da wanke-wanke, ga kuma uwargida ba ta zuwa ko'ina. Mace ɗaya tilo da ta wuni a tsaye ba za ta iya ɗaukar aikin mutum huɗu ba, kuma ba ragwanci ba ne idan ta ce ba za ta iya ba.

Abin da na lura shi ne, yawancinmu muna faɗawa ɗayan ramuka biyu. Wata don gudun kada dangin miji ko maƙwabta su ce yaranta ba sa cin tuwo, sai ta dage ta tuƙa, a sauke ƙarfe goma na dare, a ta da yara daga barci su ci loma biyu idanu a rufe. Wata kuma ta gaji ta sallama, kullum sai Indomie, ko a aiki yaro bakin titi ya sayo shayi da burodi. Ni ban ce taliyar leda haramun ba ce, ranar da aka makara ƙwarai tana fitar da mutum kunya. Amma ita kaɗai fulawa ce da mai da gishiri, yaro ya ci yanzu, an jima kaɗan ya ce yunwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum ma kada gishirin da zai ci a yini ya kai giram 5, wato kimanin ƙaramin cokali ɗaya, na yara kuwa ƙasa da haka. Mu kuma mu juye ɗan ƙunshin garin da ke cikin ledar gaba ɗaya, mu ƙara dunƙule a kai. In dai ya zama dole a dafa ta, to a sa rabin garin, a yanka kabeji da karas da albasa, a fasa ƙwai a ciki. Sannan kowa ta zauna ta lissafa abin da leda huɗu ko biyar ke ci a dare ɗaya, ta kwatanta da kwanon wake da zai kai ta kwanaki.

Maganata a taƙaice ita ce, abincin gaggawa na gaskiya yana nan a cikin namu na gargajiya, sai dai aikinsa ba a daren ake yi ba, ranar Asabar ko Lahadi ake yin sa.

Ku ɗauki ɗanwake. In mace tana da garinta a haɗe, wato wake da alabo da kuka, aikin da ya rage shi ne ta kwaɓa da ɗan ruwan kanwa, ta jefa a tafasasshen ruwa, cikin minti ashirin ta tsame. Mai da yaji, tumatir da albasa, in da hali dafaffen ƙwai, an gama. Kafin yara su idar da sallah su wanke hannu abinci na gabansu. Amma ina ba da shawara mace ta kai nata niƙa da kanta, ta yawaita waken, domin da yawa abin da ake sayarwa yanzu da sunan ɗanwake fulawa ce zalla, sunan wake kawai ya rage a jikinsa. Niƙa ɗaya zai kai ki makonni in kin zuba a bokiti mai murfi.

Shi wake ma ai abin a yi ta godiya ne. Babu ƙasar da ta kai Najeriya noman irin wakenmu a duniya, daga ita sai Nijar, kuma shi ne naman talaka. Abin da ke kore mu daga gare shi daɗewarsa a wuta ne, wannan kuwa da maganinsa. Ki tsince shi, ki jiƙa da safe kafin ki fita, da kin dawo ki zubar da ruwan ki ɗauraye ki ɗora, za ki ga ya nuna da wuri ba sai kin cika masa kanwa ba. Yawan kanwa na lalata wani sashe na amfanin abincin, ban da ɓata ciki. Daga nan ko garau-garau da shinkafa da mai da yaji, ko faten wake da manja da alayyahu, a ci da burodi ko garin rogo. Sai dai a yi hattara da waken da aka barbaɗe da maganin ƙwari. Ba zancen wasa ba ne, domin a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan maganin da aka samu a jikinsa, mu kuwa a nan shi muke ci. Wadda ke da hali ta saya da kaka lokacin da yake sabo kuma da araha, ta shanya ya bushe sosai, ta cika jarka mai tsabta har baki ta toshe ƙam. Rashin iska shi zai kashe ƙwarin, ba sai an sa komai ba.

Na biyu shi ne jajjage. Wallahi rabin wahalar girkin dare tana wajen gyaran kayan miya ne, wanke tumatir, cire hancin tattasai, aiken yaro wajen injin markaɗe ya je ya tarar da layi. To me zai hana a yi shi sau ɗaya? Ranar hutu ki markaɗa tumatir da tattasai da attaruhu da albasa mai yawa, ki dafa har ruwan ya ƙone, ki soya da mai sosai. Mai firij da wuta ta raba a ƙananan robobi, kowace roba ta dare ɗaya. Wadda ba ta da shi, ko wutar unguwarsu ba ta da tabbas, ta yi na kwana biyu kawai, ta bar mai ya rufe samansa, ta riƙa tafasa shi safe da yamma, kuma kada a tsoma jiƙaƙƙen cokali a ciki. Da wannan soyayyen kayan miya a hannu, dafa-dukar shinkafa ko ta taliya, faten dankali, faten doya, duk cokali uku ne a tukunya a zuba ruwa. Ga shi kuma tukunya ɗaya ce, wanda ya taɓa yin wanke-wanke ƙarfe goma na dare ya san wannan ba ƙaramar riba ba ce.

Kada kuma mu raina kayan da kakanninmu suka busar tun ba a san lantarki ba. Kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, busasshen tumatir, busasshen kifi, garin ƙuli-ƙuli, zogalen da aka shanya a inuwa, tsakin masara. Babu ruwansu da ɗauke wuta. Faten tsaki da rama ko yakuwa da ɗan dakakken gyaɗa bai wuce rabin awa ba. Kwaɗon zogale da ƙuli da tumatir da albasa, in an riga an dafa ganyen, haɗawa ce kawai, kuma da zafin bazara ya fi tuwo daɗin kwanciya. Acca ma, in an samu wankakkiya mara tsakuwa, ta fi shinkafa saurin nuna nesa ba kusa ba.

Nama fa? Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, kowa ya san yadda kasuwa ta koma, kuma mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024 ba zai sa nama a tukunya kullum ba, balle a gidan da albashin ɗaya ne. To kada uwa ta sa wa ranta damuwa. Abin da jikin yaro ke nema a nama yana samun irinsa a ƙwai, da awara, da wake, da gyaɗa, da busasshen kifi. Awarar da za ki saya a wajen maƙwabciya ki yayyanka a cikin dafa-duka ta fi tsoka ɗaya da za a raba wa yara huɗu ana harare-harare.

Haka batun makamashi, ko gas ne ko gawayi ko kananzir, babu mai araha. Rufe tukunya da jiƙa wake suna rage shan wuta. Akwai kuma wata dabara da ba kowa ya damu da ita ba: shinkafa in ta tafasa sosai na 'yan mintoci, ki sauke tukunyar da murfinta, ki naɗe ta da tsohon bargo mai kauri, ki je ki yi sallah ki duba wa yara aikin makaranta. Zafin da ke ciki zai ƙarasa dafa ta, ba ƙonewa ba kamu.

Tuwo kuwa ban ce a yi sallama da shi ba, ina ni ina wannan magana a ƙasar Hausa? A bar shi zuwa ranakun Juma'a da Asabar da dare, lokacin da babu sammakon gobe, a yi shi cikin natsuwa da miyar taushe ko ta kuka mai daddawa, a tuƙa da yawa a samu ɗumame. Sai dai ɗumame a ɗumama shi ya yi zafi har ciki. Shinkafa ce ma ta fi haɗari, domin hukumar lafiyar nan ta ce dafaffen abinci kada ya wuce awa biyu a ajiye haka nan ba wuta ba sanyi. Shinkafar da aka dafa da asuba aka bar ta a tukunya cikin zafin watan Afrilu har dare, ko ba ta yi wari ba tana iya sa yaro amai da gudawa, kuɗin da aka yi tattali ya tafi kantin magani.

Yara ma a sa su aiki gwargwadon shekarunsu, maza da mata. Tsintar wake, gyaran zogale, ɗebo ruwa, wanke kwanuka, babu wanda aka rubuta wa 'ya mace ita kaɗai. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a mayar da babbar 'ya 'yar shekara goma sha biyu uwar gida, ta dawo makaranta ta shiga madafa har dare, littafinta a jaka. Kuma kada a bar ƙaramin yaro da tukunyar gas ko risho ko tafasasshen ruwa babu babba a kusa, sashen masu ƙuna a asibitocinmu ya ishe mu gargaɗi. Ku kuma maza da ke riƙe da yara ku kaɗai, dafa-duka da faten dankali ba su fi ƙarfinku ba. Mai shayi da mai tsire ai maza ne, babu wanda ya ce mutuncinsu ya zube.

Sai 'yan'uwa da maƙwabta masu sa ido. Mai cewa wance ba ta tuƙa tuwo, yaranta kullum ɗanwake da fate, in da gaske tausayin yaran take ji, to ta aiko musu da malmala uku ranar Laraba, Allah zai ba ta lada. Haka iyaye maza da suka saki mata suka bar musu 'ya'ya. Ciyar da yaran nan a wuyanku yake a shari'a, ko uwarsu tana ɗaukar albashi ko ba ta ɗauka. Buhun masara da kaka, kwanon wake, galan na manja, ba za su talauta mutumin da ya iya ƙaro aure ba.

Ga 'yan'uwana kuma da ke unguwa ɗaya ko ofis ɗaya, da sanyi lokacin da tumatirin rani ke shigowa daga Kura da Kadawa yana araha, ku haɗa kuɗi ku uku ko huɗu ku sayi kwando a kasuwar 'Yan Kaba maimakon kashi-kashi a bakin titi. Ku raba, kowa ta soya na soyawa, sauran ta yanka ta shanya a kan tabarma mai tsabta, ta ajiye wa damina lokacin da zai yi tsada.

 

Daga wata ma'aikaciya, uwar yara,
Kano.