FILIN ILIMI: Ɗan Damargu da karatun kimiyyar siyasa, a gida ko a waje?

Kowace shekara, da zarar sakamakon jarrabawar bak ya fito, magana ɗaya ce ke yawo a zaurukan Tanut da Belbeji: wane karatu yaro zai yi, kuma a ina? Lokacin yakan zo a tsakiyar damina, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, hatsi ya yi tsada, mai gida kuma yana lissafin raguna nawa zai kai kasuwa kafin ɗansa ya hau mota. Cikin yaran da suka ci bak ta fannin adabi, wato A4, akwai masu cewa kimiyyar siyasa suke so. Uba ɗan kasuwa in ya ji kalmar siyasa sai hankalinsa ya tafi ga jam'iyya da yaƙin neman zaɓe, har ya tuna cewa jam'iyyun ma an rusa su a watan Maris na 2025. Uba ma'aikacin gwamnati kuwa sai ya hango ɗansa jakada a wata babbar ƙasa. Dukansu biyu sun yi wa karatun gurguwar fahimta, kuma dukiyar gida ce ke biyan kuɗin wannan kuskure.

Kimiyyar siyasa ilimi ne na sanin yadda ake riƙe jama'a: wa ke da iko, daga ina ya samo shi, yaya ake yin doka, yaya ake tara haraji a raba shi, kuma ta wace hanya ake sasanta masu husuma ba tare da an zubar da jini ba. Ko da jam'iyyu ko babu, ƙasa ba ta rasa bukatar wanda ya san waɗannan abubuwa. Sai dai amfanin takardar ya rataya ne a kan darussan da ɗalibi ya zaɓa tun yana tsakiyar karatu, da kuma binciken da iyayensa suka yi kafin su tura shi nesa.

Inda ake koyarwa a gida

Babbar ƙofa ita ce Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai, wadda aka aza harsashinta a 1971, ta zama cikakkiyar jami'a a 1973. A can akwai tsangayar shari'a da kimiyyar siyasa, wadda ɗalibai ke kira FSJP. Jami'ar Jibo Hamani ta Tawa tana koyar da shari'a da tattalin arziki da gudanarwa. Jami'ar Andire Salifu ta Damagaram, wadda aka kafa a 2010 tare da ta Maraɗi da ta Tawa, ita ce mafi kusa da Damargu, tafiyar kilomita wajen 150 daga Tanut, kuma tana da sassan nazarin zamantakewa da labarin ƙasa, waɗanda ƴan uwan kimiyyar siyasa ne na jini. Yamai kuwa ta haura kilomita 1000 daga Tanut, ga kuɗin ɗaki, ga na abinci. Ga mai son aikin mulki kai tsaye akwai makarantar ENA ta Yamai, wadda ke horar da ma'aikata tun 1963, amma sai da jarrabawar gasa, wato konkur, ake shigarta.

Tsarin karatun shi ne wanda ƙasashen UEMOA suka amince da shi a 2007, wato LMD: shekara 3 a sami lisans, a ƙara 2 a sami masta, sannan a ƙara 3 ko fiye a sami doktora. Shekarun farko darussan gama-gari ne, kamar dokar tsarin mulki, tarihin ra'ayoyin siyasa da tushen tattalin arziki. Daga baya hanya ke rabuwa: hulɗar ƙasa da ƙasa, aikin mulki da tsare-tsaren gwamnati, nazarin zamantakewar siyasa, da dokar hukuma.

A wannan mararraba ake yin cunkoso. Galibin matasa hulɗar ƙasa da ƙasa suke rububi, saboda sunan yana da daɗin faɗi a gaban dangi. Amma ma'aikatar harkokin waje guda ɗaya ce, ofisoshin jakadanci ƙidayayyu ne, kuma zamanin da gwamnati ke ɗaukar duk wanda ya gama jami'a ya wuce tun lokacin tsuke bakin aljihu na shekarun 1980 da 1990. Wanda ya gama sai ya yi bautar ƙasa, sannan ya zauna jiran konkur da ba a san ranar buɗe shi ba.

Damargu kanta littafi ce

Alhali kuwa aikin da ke neman mai yi yana nan a ƙofar gida. Dokar 26 ga Mayu 1961 ta shata iyakar noma ta arewa, kuma layin ya ratsa ƙasar Tanut. Bisa wannan doka, arewa da layin ƙasar kiwo ce, kuma ɓarnar da dabba ta yi a gonar da aka buɗe can ba ta da diyya. Amma tun bayan farin 1973 da na 1984, ga kuma yawan jama'a da gajiyar ƙasa, gonaki sun yi ta hawa arewa, burtali ya matse, rijiya ta zama abin faɗa. Dokar karkara ta 2 ga Maris 1993 ta kafa kwamitocin filaye da ake kira Kofo, dokar kiwo ta 20 ga Mayu 2010 kuma ta sake tabbatar da haƙƙin makiyayi na yin ƙaura da dabbobinsa. Dokokin suna nan a rubuce. Abin da ya yi ƙaranci shi ne mutumin da ya karance su, ya san al'adar manomi da ta makiyayi, ya kuma iya rubuta takardar sulhu da za ta tsaya a gaban alƙali.

Haka zancen yake ga mulkin ƙananan hukumomi. An yi zaɓen magadan gari na farko a faɗin ƙasa a watan Yuli na 2004. A 2011 aka cire Belbeji daga Tanut ta zama gunduma mai zaman kanta, da ƙaramar hukumar Tarka a cikinta, aka bar wa Tanut Gangara, Olelewa, Falanko da Tenhiya. A watan Afrilu na 2024 aka rusa majalisun da aka zaɓa, aka naɗa kantomomin riƙo. Shugabanni sun sauya, amma kasafin kuɗi, harajin kasuwar dabbobi, takardun haihuwa da kwangilar gina aji ba su daina neman mai tsara su ba. Ga kuma matatar mai ta SORAZ da aka buɗe a watan Nuwamba na 2011 kusa da Bakin Birji, cikin ƙasar Olelewa, mai iya tace ganga 20.000 a rana. Tambayar abin da jama'ar wurin ke samu daga irin wannan dukiya, da yadda za su nemi rabonsu bisa doka, tambaya ce ta kimiyyar siyasa tsantsa.

Saboda haka ɗalibin da ya fito daga Damargu ya kamata ya ba da ƙarfi ga dokar filaye, dokar mulki, kuɗin hukuma, ƙididdiga da dabarun binciken ƙauye, ya haɗa da Ingilishi da sarrafa kwamfuta. Yana kuma da wani jari da abokansa na birni ba su da shi: ya tashi inda ake jin Hausa da Buzanci da Barbarci da Fillanci a kasuwa ɗaya. Marigayi Andire Salifu, wanda jami'ar Damagaram ke ɗauke da sunansa, da tarihin daular Damagaram ya fara suna a 1971, shekara 20 kafin ya shugabanci babban taron ƙasa na 1991. Cibiyar bincike ta LASDEL da aka kafa a Yamai a 2001, inda farfesa Mahaman Tijani Alu na cikin magabata, ta yi fice a duniya ne da nazarin asibitocin karkara, kotuna da ofisoshin magadan gari. Wanda ya san gidansu da kyau, shi ake kira ya yi bayani a waje.

Ƙofofin waje sun sauya

Tafiya mabuɗin ilimi ce, ba mai musu. Amma taswirar da iyaye suka sani a zamaninsu ta tsufa. Bayan sauyin mulki na 26 ga Yuli 2023, Faransa ta dakatar da ba da biza a Yamai, ta kuma rufe ofishin jakadancinta a watan Janairu na 2024. Tun kafin haka, a 2019, ta ɗaga kuɗin rajista ga ɗaliban da ba na Tarayyar Turai ba zuwa yuro 2770 a shekara ga lisans da 3770 ga masta, wato kimanin miliyon 1 da jikka 817, da miliyon 2 da jikka 473 na sefa, ko da yake wasu jami'o'in na yafe wani kaso. Wannan ban da ɗaki da abinci. Amurka ma ta ƙuntata ba ƴan Nijar biza a 2025. A wannan shekarar ce kuma Nijar ta kammala ficewa daga CEDEAO a watan Janairu, ta bar ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci a watan Maris. Duk wani tallafin karatu da ke bi ta waɗannan ƙungiyoyi, sai an tambayi matsayinsa kafin a ɗora buri a kansa.

Wasu ƙofofin kuma suna da faɗi. Turkiyya tana da shirin bursu na gwamnati tun 2012, wanda ya ƙunshi kuɗin makaranta, ɗaki, tikitin jirgi da alawus, tare da shekara guda ta koyon Turkanci. Ta intanet ake nema a farkon shekara, kuma ana duba maki da shekarun haihuwa. Maroko na karɓar ɗaliban Afirka ta hannun hukumarta ta AMCI, kuma da Faransanci ake yin darussa da dama. A Senegal akwai Jami'ar Sheku Anta Jop ta Dakar da Jami'ar Gaston Berje ta Sanluwi, wadda ta yi suna a kimiyyar siyasa. Mai niyyar diflomasiyya da gaske ya san da cibiyar IRIC ta Yawunde a Kamaru, wadda ke horar da jakadun Afirka tun 1971.

Sai Najeriya, wadda ƴan kasuwar Damargu suka fi kowa sani. Daga Tanut zuwa Kano bai kai rabin tafiyar Yamai ba. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, Jami'ar Bayero ta Kano da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato duk suna da tsofaffin sassan kimiyyar siyasa, ga harshe ɗaya a kasuwa, ga mai masauki. Amma da Ingilishi ake karatun, digirin farko shekara 4 ne, ta hannun hukumar JAMB ake shiga, kuma yajin aikin malaman jami'a na 2022 ya ci wata 8. Iyakar ma an rufe ta daga Agusta 2023 zuwa Maris 2024.

Kafin a sayar da rago

Rigakafi ya fi magani. Tambaya ta farko: hukuma za ta amince da takardar in yaro ya dawo? Majalisar CAMES, wadda shugabannin Afirka suka yanke shawarar kafawa a Yamai a 1968, tana tantance takardun makarantun ƙasashenta. Najeriya da Turkiyya ba sa cikinta, don haka takardarsu sai an nema mata daidaito a Yamai. Kada a manta a watan Janairu na 2024 Najeriya ta dakatar da karɓar digirin Benin da Togo, bayan wani ɗan jarida ya nuna yadda ya sami digiri a Kwatano cikin mako 6. Makarantar da ta fi alkawarin sauri ita ce ta fi cancantar a tuhume ta.

Ta biyu: wa zai biya me? Hukumar ANAB ce ke kula da bursu na gwamnati, kuma ɗalibai sun sha yin zanga-zanga kan jinkirin biya. Gidan da ba shi da abin riƙe yaro na ƴan watanni in kuɗi sun makara, to, ya sake lissafi. Ta uku: shekara nawa harshe zai ci kafin a fara karatun kansa? Ta huɗu: wa ke tsakani? Neman bursu na gwamnatoci a bayyane ake yin sa, kuma dillalin da ya ce a ba shi miliyon ya samo gurbi, shi kaɗai ke da tabbacin riba.

Shawarar da ta fi dacewa da aljihun yawancin gidaje ita ce a yi lisans a gida, a fita neman masta. Ɗalibin da ya kai shekara ta 3 ya san abin da yake nema, yana da maki da zai nuna, yana kuma iya ɗaukar batu daga Tarka ko Tenhiya ya kai wa malaman waje abin da ba su da shi a ɗakin littattafansu. Shekara 2 a waje ta fi 5 sauƙin biya, kuma ta fi barin zuciya kusa da gida. Wannan hanya ta fi buɗe wa ƴan mata ƙofa, domin uban da ke ɗari-ɗarin tura ƴarsa ƙetare tana ƴar shekara 18 yakan saki jiki in ta girma ta riƙe takardarta ta farko.

Masu karatun wannan fili suna da nasu rabon aikin. Ma'aikacin da ke ofishin perefe, ko na magajin gari, ko na Kofo, yana iya karɓar ɗalibi ɗaya ya zauna kusa da shi lokacin hutu, ya ga yadda ake auna gona da yadda ake rufe kasafin kuɗi. Ɗan kasuwar da Allah ya hore wa, in ya ɗauki nauyin kuɗin mota da littattafan yaro ɗaya daga ƙauyensu, ya yi sadaka mai gudana, kuma wata rana wannan yaron ne zai karanta masa dokar kwastan da yake biyan wani ya fassara masa. Damargu ta daɗe tana ciyar da ƙasa da hatsi da nama. Tana da hakkin samun ƴaƴanta a cikin masu rubuta dokokin da ake yi wa gonarta da rijiyarta.

Allah ya ba yara sa'a, ya sa wa iyaye albarka a abin da suka kashe. Sai mako mai zuwa, in mai duka ya kai rai.