Kan Dutse Ɗaya, Sunaye Barkatai

Yau kan dutse za mu hau, amma da ƙamus a hannu.

Mu Hausawa kalma ɗaya ta ishe mu. Abin da yaro ya ɗauka ya jefi mangwaro dutse ne, na niƙa dutse ne, Dala ma dutse ne. Bature kuwa sai ya dubi siffar kan dutsen kafin ya raɗa masa suna. A nan ne da yawa daga cikinmu ke zubar da maki a jarrabawar Turanci da ta labarin ƙasa, domin duk dutsen da muka gani sai mu rubuta "stone" ko "mountain" mu wuce. Mai duba takardar WAEC ko NECO kuwa ba zai yi mana uzuri ba.

Mu fara da biyun da aka fi rikitawa, "summit" da "peak". "Summit" shi ne wuri mafi tsayi a kan dutse, inda in ka kai babu sauran hawa. Kowane dutse yana da guda ɗaya tak, ko kansa mai tsini ne ko shimfiɗaɗɗe. Shi ya sa ake cewa Edmund Hillary da Tenzing Norgay sun taka "summit" na Everest a 1953, mai tsayin mita 8,849. "Peak" kuwa, kalmar nan da muke gani a jikin gwangwanin madara, tana nufin kai mai tsini, kuma dutse ɗaya yana iya samun irinsa da yawa. Kilimanjaro na Tanzaniya kawuna uku gare shi: Kibo, Mawenzi da Shira. Amma wurin da ya fi ko'ina tsayi, mita 5,895, yana kan Kibo ne. Dala na Kano fa? Kansa a baje yake, don haka yana da "summit", amma kiransa "peak" bai dace ba.

Sai "crag". Wannan gefen dutse ne mai kaushi da tsage-tsage, wanda ya miƙe tsaye kamar bango, hawansa sai gwani. Tsohuwar fadar birnin Edinbara a Sikotland a kan irinsa aka gina ta, domin maƙiyi ya sha wuya kafin ya iso. "Pinnacle" kuma siririn dutse ne dogo mai tsini, kamar hasumiya.

Akwai wata 'yar gajeriyar kalma, "tor". An fi jin ta a kudu maso yammacin Ingila, musamman yankin Dartmoor. Tana nufin manyan duwatsu da suka hau kan juna a saman tudu, kai ka ce wani ƙato ne ya jera su. Ba wanda ya jera su. Ruwa ne ke bin tsagar dutse yana cin sa shekara da shekaru, daga baya ya kwashe abin da ya ruɓe, ya bar masu taurin a tsaye. Duk wanda ya taɓa ganin duwatsun Riyom a jihar Filato ya san wannan siffa.

Turanci ma maroƙi ne, ya ari wasu kalmomin daga Jamusanci. "Horn" ƙaho ke nan, kuma ana kiran kan dutse da shi idan ƙanƙara ta fafe shi ta kowane gefe har ya yi tsini. Shahararren misali shi ne Matterhorn, a iyakar Suwizalan da Italiya, mai tsayin mita 4,478. "Inselberg" kuma ma'anarsa dutse mai kama da tsibiri, wato wanda ya tashi shi kaɗai a tsakiyar fili. Wannan kam namu ne: dutsen Zuma da ke jikin takardar naira 100, da Kufena na Zariya, da Kwatarkwashi na Zamfara.

Kada mu manta, waɗannan kalmomi suna sauka daga kan dutse su shiga jarida. Idan shugabannin ƙasashe suka haɗu, "summit" ake cewa, mu kuma mu ce taron ƙoli, domin manyan da babu na gaba da su ne suka zauna. "Peak hours" lokacin da cunkoso ya kai maƙura ne, kamar safiyar Litinin a bakin titi. Wanda ya kai "pinnacle" a sana'arsa kuwa ya kai ƙololuwa. Irin wannan ma'ana ta biyu ce ake yawan ɗana wa ɗalibi tarko da ita a tambayoyin fahimtar rubutu.

Shawararmu ita ce, kada ku haddace su a jere kamar lissafi. Ku liƙa wa kowace kalma dutsen da kuka sani, ba za ta ƙara ɓace muku ba. Ga aikin wannan mako: ku dubi dutsen da ya fi kusa da garinku, ku zaɓi kalmar da ta dace da kansa, ku rubuta jimla biyu da ita, sannan ku nuna wa malaminku na Turanci. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.